Shafin EADA da kuɗin ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka: yana da amfani sosai, amma sai ka iya karanta shi

'Yan uwa masu bin ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka, duk sanda gardama ta kaure kan wace jami'a ce tafi samun kuɗi da wannan wasa, Duke ce ko Kentucky ko Kansas ko Louisville, akwai wani shafi na Ma'aikatar Ilimi ta Amurka da nake so ku sani, ana ce masa EADA. Kyauta ne, ba rajista, ba a tambayarka kati, kawai ka shiga ka rubuta sunan jami'a ta fito maka da abinda ta kai rahoto cewa ta samu da abinda ta kashe a harkar wasanni. Ni dai ra'ayina a kansa shine yana cikin abubuwa mafi amfani da mai son wannan harka zai samu, amma fa wanda ya ɗauki lambobin cikinsa a matsayin darajar ƙungiya kai tsaye zai yi kuskure babba, kuma mutane da yawa suna yi.

Asalinsa wata doka ce da majalisar Amurka ta yi a 1994, wadda ta tilasta wa duk jami'ar da ke da ɗalibai maza da mata, take da ƙungiyoyin wasa, kuma take cikin tsarin tallafin karatu na gwamnatin tarayya, ta riƙa fitar da rahoto duk shekara. Dalilin dokar ma ba don a san wa yafi wa kuɗi bane, don a ga ko ana yiwa mata adalci ne a rabon kuɗin wasanni, kamar yadda dokar Title IX ta 1972 ta tanada. Riƙe wannan a ranka domin shine yake bayyana duk ƙarfin shafin da duk rauninsa.

Yadda yake aiki ba wahala. Zaka iya duba jami'a ɗaya, ko ka jera 'yan kaɗan gefe da gefe, ko ka sauke bayanan gaba ɗaya a fayil ɗin Excel ka yi ta tacewa da kanka. Idan ka rubuta Gonzaga misali, zai nuna maka yawan 'yan wasa maza da mata a kowane wasa, yawan kociyoyi, kuɗin da aka kashe wajen zawarcin sababbin 'yan wasa, tallafin karatun da aka baiwa 'yan wasa, sannan ka gangara inda kowa yake so wato teburin kuɗin shiga da kuɗin kashewa, a nan zakaga an ware layin ƙwallon kwando daban, maza a gefe mata a gefe. Akwai ma wani tebur da nake so sosai na kuɗin ranar wasa, wato masauki da abinci da sufuri da rigunan wasa da kayan aiki da alƙalan wasa, har an raba shi a kan kowane ɗan wasa, toh idan ka ɗora na babbar jami'a kusa da na ƙarama a nan ne zaka gane cewa duk sunansu Division I, wato matakin sama na wasannin jami'o'i, amma ba duniya ɗaya suke ba, wasu jirgin haya ake ɗaukar musu wasu kuma a bas suke kwana a hanya. A waya yana buɗewa amma teburan suna da faɗi, a kwamfuta yafi daɗin dubawa.

Babban abinda yasa nake yabonsa shine jami'o'i masu zaman kansu suna ciki. Wannan ba ƙaramin abu bane wallahi, saboda a ƙwallon kwando manyan sunaye da yawa ba na gwamnatin jiha bane: Duke, Gonzaga, Villanova, Syracuse, Marquette, Georgetown, Creighton, Baylor. Jami'ar jiha irin Kentucky ko Kansas ɗan jarida zai iya neman takardunta ta dokar samun bayanai, amma Duke ba wanda zai tilasta mata ta buɗe littafinta ta waccan hanya, sai dai wannan rahoto da doka ta ɗora mata. Don haka idan kana son kwatanta Duke da North Carolina, maƙwabtan da suka fi kowa adawa, kusan nan ne kaɗai zaka samu lambobinsu a tsari iri ɗaya ba tare da ka biya komai ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar.

Abinda shafin yake kira kuɗin shiga ba kuɗin da ƙungiya ta samo da guminta kaɗai bane. Har da kuɗin da jami'a ta ciro daga aljihunta ta zuba, har da wanda ake yanka a kuɗin makarantar ɗalibai, har da tallafin gwamnatin jiha, duk an haɗe an kira su kuɗin shiga. Shi yasa idan ka buɗe ƙananan jami'o'i zakaga abin mamaki, kuɗin shiga da kuɗin kashewa sun zo daidai har zuwa dala ta ƙarshe, kamar ba riba ba faɗuwa, alhali gaskiyar magana faɗuwa ce aka cike. Kamar mai shago ne da mahaifinsa ke cike masa giɓin ciniki kullum da yamma shi kuma yana rubutawa a littafi a layin ciniki, lissafin zai daidaita mana, amma wanda zai sayi shagon ba wannan lambar yake so ya gani ba. Kuma jami'o'in Division I sun haura 360, mafi yawansu a wannan hali suke, ƙwallon kwandonsu cin kuɗi take ba kawowa ba, shi yasa a watan Nuwamba da Disamba zakaga ƙananan ƙungiyoyi suna yawo filin manyan jami'o'i ana biyansu kuɗi su zo su buga, sau da yawa su sha kashi su koma, wannan kuɗin da shi suke riƙe shekararsu.

Sai matsala ta biyu wadda ni a wurina ta ma fi damuna idan ana maganar ƙwallon kwando. Akwai wani layi na kuɗin da ba a danganta shi da wani wasa ko jinsi ba, kuma a manyan jami'o'i layin nan yana iya zama miliyoyi masu yawa. Kuɗin talabijin da rukuninsu, wato gungun jami'o'in da suke buga lig tare, yake rabawa, kuɗin kamfanin takalma da riguna irin Nike ko Adidas, gudummawar tsofaffin ɗalibai masu hannu da shuni, kuɗin talla, kowace jami'a da yadda take rabon su. Wata zata ce kaso kaza na ƙwallon kwando ne, wata ta jibge shi duka a wancan layi, wata kuma ta tura mafi yawa zuwa ƙwallon Amurka irin ta zari-ruga. Toh kaga jami'o'i biyu da ƙarfinsu yake kusa zasu iya fitowa da tazara mai yawa a shafin ba don komai ba sai don akantocinsu sun bambanta a ra'ayi. Jami'o'in ne da kansu suke cike alƙaluman, shafin ma yana gargaɗin cewa kwatance ba zai inganta ba sai an duba yanayin kowace makaranta, amma wa yake tsayawa karanta gargaɗi idan yana sauri ya ci gardama.

Albashin koci ma kar ka sa rai. Matsakaici yake bayarwa na duk kociyoyin ƙungiyoyin maza a haɗe, wato an cakuɗa na ƙwallon kwando da na golf da na ninƙaya. Idan kana son ka san cewa Bill Self ya sa hannu da Kansas a 2023 kan kusan dala miliyan 53 na shekara biyar, ko Dan Hurley ya ƙi tayin Lakers na miliyan 70 a 2024 ya zauna a UConn kan miliyan 50 na shekara shida, sai dai ka nema a jarida.

Kuɗin gine-gine da bashin filin wasa suma basa ciki. Louisville misali ce mai kyau a nan. Shekaru da dama ita ake sawa a sahun gaba a kuɗin ƙwallon kwandon maza, mujallar Forbes ta sha ɗora ta a lamba ɗaya, kuma babban dalili shine KFC Yum! Center da aka buɗe a 2010 mai cin mutum kusan 22,000, da ɗakunan alfarma da kujerun da sai ka bada gudummawa kafin a sayar maka da tikitinsu, ga shi birnin ba shi da ƙungiyar NBA da zata raba musu 'yan kallo. Amma ginin ba na jami'ar bane, wata hukuma ce daban take da shi kuma ita ke ɗauke da bashin, don haka mai duba EADA zai ga kuɗi na shigowa ba zai ga nauyin da yake gefe ba. Sannan abinda ya faru daga 2017, binciken FBI, korar kocinsu Rick Pitino, ƙwace kofin 2013 da NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta yi a 2018, da shekarun rashin nasara da kujeru suka zama wayam, duk yana nuna cewa darajar ƙungiya abu ne mai hawa da sauka, kuma a nan kam shafin yana taimakawa domin zaka iya sauke shekaru da yawa ka bi jami'a ɗaya ka ga yadda lambobinta suka motsa. Ni inaga wannan shine amfani mafi inganci da za a yi da shi: kwatanta jami'a da kanta shekara bayan shekara, tunda galibi salon lissafinta ɗaya ne, maimakon kwatanta ta da wata.

Ka duba Duke kuma, Cameron Indoor Stadium mutum 9,314 kawai yake ci, bai kai rabin Rupp Arena na Kentucky ba, ɗalibai har tanti suke kafawa su kwana a waje don samun shiga wasan North Carolina. Idan da yawan kujeru ne darajar da Duke bata isa a ambace ta ba, amma sunan da tsohon kocinsu Mike Krzyzewski ya gina cikin shekara 42 da kofuna biyar shine yake jawo talabijin da masu gudummawa da yaran da zasu je NBA. Wannan sunan ba layin da aka ware masa a kowane tebur.

Dole in ɗan tsaya kan kuɗin gasar March Madness, wato gasar fidda zakaran ƙwallon kwandon jami'o'i da NCAA ke shiryawa, domin a nan mutane suka fi ruɗewa. A 2010 NCAA ta ƙulla yarjejeniyar nuna gasar da kamfanonin talabijin CBS da Turner kan dala biliyan 10.8 na shekara 14, a 2016 aka ƙara shekara takwas kan biliyan 8.8 har zuwa 2032, kuma wannan gasa ta maza ita ce take kawo mafi yawan kuɗin NCAA baki ɗaya. Amma ba a miƙawa jami'ar da ta ci wasa cek kai tsaye. Wasan da ƙungiya ta buga a gasar yana samar da kaso ɗaya, darajarsa wajen dala miliyan 2 idan aka haɗa, ana biyansa a hankali cikin shekara shida, kuma rukunin da jami'ar take ciki ake baiwa, shi kuma ya raba tsakanin membobinsa yadda suka tsara. Saint Peter's, wata ƙaramar jami'a a Jersey City, a 2022 ta shigo a lamba ta 15 cikin ƙungiyoyi 16 na ɓangarenta ta doke Kentucky 85 da 79 bayan ƙarin lokaci, ta wuce Murray State, ta wuce Purdue, sai North Carolina ta tsayar da ita a zagayen 'yan takwas. Wasa huɗu kenan, wajen miliyan 8, amma rukunin MAAC ne ya karɓa ana rabawa a hankali, kocinsu Shaheen Holloway kuma kafin ƙura ta lafa ya koma Seton Hall. Idan ka buɗe shafin Saint Peter's na waccan shekara kana neman miliyan 8 bazaka gansu ba, kuma ba ɓoyewa aka yi ba, tsarin ne haka.

Akwai kuma darajar da ba ta shiga littafin sashen wasanni kwata-kwata. Gonzaga kafin 1999 ƙaramar jami'ar Katolika ce a Spokane da mutane kaɗan suka sani, daga shekarar da ta kai zagayen 'yan takwas bata sake rasa shiga March Madness ba na tsawon shekaru fiye da ashirin, masu neman gurbin karatu suka ƙaru, gudummawa ta ƙaru, aka gina sabon fili mai cin 6,000 a 2004. Butler ta kai wasan ƙarshe a 2010 da 2011, zuwa 2013 tana cikin babban rukunin Big East. Me zaka kira wannan idan ba daraja ba? Amma ofishin ɗaukar ɗalibai ne da asusun jami'a suke ganin amfanin, EADA ba ruwansa.

Inda shafin yafi burge ni gaskiya shine ɓangaren mata, tunda dama don shi aka yi. Layi biyu ne kusa da juna, ba buƙatar dogon bayani, kana kallo kaga tazarar. Kuma labarin yana canzawa a gaban idonmu: wasan ƙarshe na mata a 2024 tsakanin South Carolina da Iowa ta Caitlin Clark mutum wajen miliyan 18.9 suka kalla, ya wuce na maza tsakanin UConn da Purdue da ya samu wajen miliyan 14.8, karon farko kenan da hakan ta faru. A shekarar ne ESPN ta ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 920 na shekara takwas kan gasanni 40 na NCAA, aka ƙiyasta na ƙwallon kwandon mata a wajen miliyan 65 a shekara, sannan daga 2025 aka fara basu nasu kason, da miliyan 15 a shekarar farko. Yana min ciwo cewa sai da wata 'yar wasa ta ɗauki bidiyon ɗan abin ɗaga ƙarfe da aka ajiye musu a gasar 2021 kafin a farka, amma aƙalla yanzu duk mai so zai iya bin jami'a ɗaya bayan ɗaya ya ga ko kashe kuɗin yana bin yawan 'yan kallon.

Abinda ya rage shine kuɗin 'yan wasa, kuma a nan shafin yana baya sosai. Dama bayanansa suna zuwa a makare, abinda zaka tarar na kakar da ta wuce ne ko wadda ta gabace ta. Tun 1 ga Yulin 2021 aka halastawa 'yan wasa samun kuɗi da sunansu da hotonsu, abinda ake kira NIL, kuma kaso mai tsoka na wannan kuɗi ta hannun ƙungiyoyin magoya baya da kamfanoni ya bi, bai ratsa littafin jami'a ba balle ya bayyana a rahoto. Sai a Yunin 2025 alƙaliya Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House da 'yan wasa suka kai NCAA, diyyar wajen dala biliyan 2.8 cikin shekara goma, da izinin kowace jami'a ta biya 'yan wasanta kai tsaye har wajen miliyan 20.5 a shekarar farko. Manyan jami'o'i da yawa kusan kashi 75 suke nufar da shi ga ƙwallon Amurka, ƙwallon kwandon maza ta samu wajen 15, amma irin su Marquette da Creighton da St. John's da Xavier da Gonzaga da basu da waccan ƙwallo sam, su zasu iya tattara ƙarfinsu kan kwando. Wannan ya canza lissafin wa yafi wa ƙarfi fiye da duk wani abu a 'yan shekarun nan, kuma tsofaffin alƙaluman shafin basu san da shi ba.

Shawarata idan jami'ar jiha kake bincike, ka haɗa shi da rumbun bayanan Knight-Newhouse, na hukumar Knight da makarantar Newhouse ta jami'ar Syracuse, shima kyauta ne. Shi yana amfani da rahoton kuɗin da jami'o'i ke kaiwa NCAA, ya ware maka nawa ne daga tikiti, nawa daga gudummawa, nawa daga talabijin da rukuni, nawa aka yanka daga ɗalibai, wato daidai abinda EADA ya dunƙule. Sai dai sashen wasanni gaba ɗaya yafi nunawa kuma masu zaman kansu basa ciki, don haka kowanne yana cike giɓin ɗan uwansa ne.

Ga ɗalibi mai rubuta aiki, ko mai sharhin wasanni, ko iyayen da yaronsu ya samu tayin zuwa buga wasa a wata jami'a suna son ganin nawa ake kashewa ƙungiyar da gaske, ina bada shawarar shafin nan ba tare da ɗar-ɗar ba, musamman ɓangaren kuɗin kashewa wanda yafi na shiga gaskiya nesa ba kusa ba. Turanci ne zalla kuma kalmomin akanta ne, amma akwai ma'anar kalmomin a ciki, dan Allah a karanta ta kafin a fara kwafo lambobi. Sannan duk jami'ar da ka buɗe ka fara duba watannin da rahoton ya ƙunsa domin ba kowacce ke rufe shekarar kuɗinta a lokaci ɗaya ba, ka kuma leƙa wurin ƙarin bayani da wasu jami'o'i ke rubutawa da kansu, a can ne wani lokaci suke faɗin yadda suka raba kuɗin da ba a danganta da wasa ba.